Tabarmar Innarki

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina lafiyarki da ta maigidanki? Ya jikokina, ya sanyin Jos? Mu nan Mafara sai godiya, gero ya shiga rumbu.

Ran Lahadi sabon fastonmu ya biyo ni gida. Ya iske na shimfiɗa tabarma biyu, tawa da ta innarki, kamar yadda na saba tun tana da rai. Ya ce, "Baba, wannan kewa son zuciya ne. Ka riƙe bege, wato sa rai ga Ubangiji."

Na ce, "Fasto, ban yi boko ba, amma a garin nan bege shi ne son ganin wanda ba shi kusa, har ƙirji ya yi zafi. Da ƙirjin nan nake begen uwar Saratu, da shi nake begen Yesu. In na kashe shi, da me zan jira?"

Ya sha ruwa, ya tafi. Tabarma dai ban naɗe ba.

Ki sa ni cikin addu'a, ko na yi taurin kai. Ki gaida kowa. In hanya ta yi lafiya, ki zo Kirsimeti. Akwai wurin zama.

Babanki,
Bawa