Shafinmu Ya Tsaya, Fayilolin Kuwa Duk Sunayen 'Ya'yan Injiniya

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya gina wa ƙungiyarmu shafin intanet,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni malamin firamare ne, kuma sakataren ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu a ƙasar Minjibir. Na kira ofishinku har na gaji, shi ya sa na fito fili, ba don cin fuska ba.

Na ɗaya. Ni na lallashi dattawa muka ajiye littafi, kowa ya koma yin rajistar fili ta waya. Ranar Litinin shugabanmu, Alhaji Mamuda, ya koka cewa rubutun shafin ƙanana ne, idonsa ba ya kamawa. Na ce ya sha kuruminsa, tunda ku kuka koya mini cewa fayilolin CSS ne ke riƙe da launi da girman rubutu, kuma wai kowa zai iya gyarawa.

Na biyu. Da na buɗe sai na tarar da fayil goma sha ɗaya: ummi, abba, walida, walida2, walida-sabuwa, da sauransu. Ashe injiniyanku sunayen 'ya'yansa ya raɗa musu. Allah ya raya su, amma don Allah wace ce a cikinsu ke riƙe da rubutu? Mu nan ko buhun iri muka ɗaure sai mun rubuta gero ko dawa a jikinsa, saboda wanda zai buɗe ba ma nan.

Na uku, kuma nan ina da nawa laifin. Na yi canke na taɓa walida2 ban ajiye kwafi ba. Rubutu bai ƙaru ba, sai maɓallin rajista ya ɓace. Na ruɗe na shiga ummi, shafin ya koma fari fat. Yanzu wallahi ban ma san abin da na canza ba. Injiniyan kuwa, an ce ya bar aiki, wayarsa a kashe.

Ranar Juma'a za mu miƙa sunaye ga masu rabon filaye a gefen dam ɗin yankinmu, wanda babu sunansa babu fili. Fiye da rabinmu ba su yi rajista ba, waɗanda suka yi ma ba na iya ganin sunayensu. Baba Ilu, wanda tumatirin rani ke ciyar da gidansa, kullum yana ƙofar makarantarmu da wayarsa a leda, yana tambayata ko shafin ya gyaru. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe.

Roƙona biyu ne. Ku turo mai dawo da shafin kafin Alhamis. Sannan kowane fayil a sa masa sunan aikinsa: launi, rubutu, rajista, yadda ko ni zan gane.

In Juma'a ta zo a haka, ni zan tsaya a ƙofar masallaci in gaya wa mutanen da suka yarda da ni cewa bana babu rani. Don girman Allah kada ku bari in yi wannan tsayuwar.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya tsare ka da irin wannan kunya.

Wassalam.

Malam Sagiru, Sakatare