Tokar Inna da allurar Kawu

Laraba da dare, Gazawa

Har yanzu hannuna yana warin fenti. Yau Kawu Idi ya gama zanen zabuwa a kan katako da 'yar bindigarsa ta fesa fenti. Ɗigo-ɗigon jikinta sun fito kamar za ta tashi ta gudu. Da maƙwabci ya yi sallama, ya fita ya bar bindigar a kan tabarma, fenti yana bushewa a bakinta. Na ce bari in taimaka. Na ɗebo toka da yashi, yadda nake goge tukwanen Inna.

Na zare siririyar allurar da ke cikin bindigar ke nan sai ga Kawu. "Ke, Hadiza! Tuwo aka tuƙa a ciki?" Na ce a raina shi ke nan, ba zai ƙara barina in zauna kusa da shi ba.

Bai yi faɗa ba. Ya jiƙa auduga da ruwan wanke fenti, ya shafi allurar daga gindi zuwa tsini, a hankali kamar mai goge idon jariri. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata ta. Sannan ya mayar da ita cikin bindigar, ya yi ta fesa ruwa a farar takarda har launi ya daina fitowa. Ban taɓa ganin mai haƙuri da ƙaramin abu irinsa ba.

Ya miƙo min audugar. "Gobe ke za ki wanke. Tokar kuma ki mayar wa innarki."

Na kasa ɗaga kai. Audugar tana nan ƙarƙashin matashina.