Takardar Abdulwahabu

Magariya, Litinin

Yaya Shatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya yara da mai gidan, ya sanyin ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, asirinmu ya tonu. Kin tuna da marigayi Baba zai sa ni lakwal, wato makarantar boko, ba ni da takardar haihuwa, sai ya miƙa ta yayanmu Abdulwahabu, wanda ƙyanda ta kashe ina goye? Da sunansa na yi karatu, da shi nake koyarwa shekara goma sha ɗaya. To, na je meri, ofishin magajin gari, neman sabon kwafin takardar, magatakarda ya buɗe littafi, ya dube ni, ya ja kujerarsa baya. Ashe Baba ya rubuta rasuwar ma. Wallahi na ga sunana a layin matattu.

Ya ce meri ba ta da ikon goge ko harafi ɗaya, sai alƙali ya ba da umarni. Ofishin ilimi kuma sun ce in dakata da shiga aji, wai ba sa ba mamaci alli. Dariya suka yi, ni ban yi ba.

Ƙanenki, Hamisu

Magariya, Alhamis

Yaya Shatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na yi abin da kika hana ni a waya. In na faɗi gaskiya, takardun karatuna duka sun zama na wani, aiki ya tafi, ga iyali. Shi ya sa na je Yekuwa na ɗauko Inna da Kawu Husaini su yi shaida cewa kuskure aka yi, yaron bai mutu ba.

Da aka kira sunan a kotu, na amsa. Alƙali ya tambayi Inna ko wanda ke tsaye ɗanta Abdulwahabu ne. Ta daɗe tana kallona, Yaya, irin kallon da ake wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Sannan ta ce shi ne. Aka soke rasuwar, meri ta buga hatimi. Ranar Litinin zan koma aji, amma raina ba daɗi.

Ƙanenki, Hamisu

Yekuwa, Juma'a

Yaya Shatu,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kuna ƙalau. Don Allah ki baro Mallawa ki zo.

Inna tana cin abinci, tana salla, tana gane kowa. Amma tun ranar kotu ba ta ƙara kirana Hamisu ba. Ta kama ƙafata tana neman tabon ƙunar Abdulwahabu, ƙunar da ni ban taɓa yi ba. Na ce mata wancan zance na takarda ne kawai, ta ce ita ba ta taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba.

Yau da hantsi na tarar da ita a ƙofar gida tana rabon wainar sadaka, mata na yi mata gaisuwa a ɗarare. Ta miƙo mini biyu, ta ce in ci, in yi wa ƙanena Hamisu addu'a, yaron bai yi tsawon kwana ba.

Na ci, Yaya. Tsoro ya hana ni ƙi.

Ki gai da kowa. In kin iso, ki kira ni Hamisu da ƙarfi tun daga zaure.

Ƙanenki, Hamisu