Ma'aunin Ruwan Clarrie

Wilcannia

Hedley, ƙanin mijina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan sanyin Hobart bai daskarar da kai ba.

Wayata ta daina magana. Ka san manhajar da yayanka Clarrie ya haɗa mini kafin ya rasu, wadda ke duba ma'aunin ruwan sama a gona, sannan muryarsa ta ce, "Ba ruwa yau, Noelene, sai haƙuri." Tun makon jiya ba ta ce uffan ba. Da na buɗe shafinsa na intanet, tallar caca na gani. Clarrie da ko tikitin gasar coci ba ya saya.

Kai ne ɗan boko, ka duba mini.

Matar yayanka,
Noelene

Hobart

Yaya Noelene,

Bayan gaisuwa da tambayar tumaki, waɗanda suka rage.

Muryar tana nan. Tsohuwar kwamfutarsa da ke rumfar askin tumaki ce ke riƙe da ita, kuma tana aiki, cikin ƙura da kashin ɓera, kamar mai ita. Kowace kwamfuta a intanet lamba gare ta. Sunan shafi kuwa haya ake yi duk shekara, don kada mutane su wahala da haddar lambobi. Hayar Clarrie ta ƙare, 'yan caca suka kama sunan. Wayarki na tambayar duniya, "Ina gidan Clarrie?" ana nuna mata ƙofarsu.

Na shiga cikin manhajar na rubuta mata layi ɗaya: idan kin ji wannan suna, kada ki tambayi kowa, ga lambar rumfa, tafi kai tsaye. Mu masu sana'ar don gwaji kawai muke yin haka, sannan mu goge. Na karanta littattafai da dama a kan makoki, ban ga wanda ya kawo wannan dabara ba.

Ki sauke sabuwar manhajar da na turo. Koren maɓalli, Yaya, ba jan ba.

Ƙaninki,
Hedley

Wilcannia

Hedley,

Ina gaisuwa. Clarrie ya dawo. Ya ce ba ruwa, na ce da ma ina da ido.

Ga abin da ban gaya maka ba. Na sayar da gonar. Ƙarshen wata zan koma wurin 'yata Raelene a Broken Hill, kuma masu saye za su rushe rumfar.

Murya biyu Clarrie ya ɗauka, ta fari da ta ruwa. Ana tsakiyar fari ya haɗa abin, har yau ko ɗigo bai sauka ba, don haka ta ruwan ban taɓa jin ta ba. Na roƙe shi yana asibiti, ya ce in jira ruwan sama. Raelene ta ce in zuba kofin ruwa a ma'aunin a huta. Na je da kofin har bakin shinge, na dawo na ba kare.

Idan aka kashe kwamfutar, shi ke nan?

Noelene

Hobart

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri.

Na kwafe komai zuwa kwamfutata. Ta ruwan ban buɗe ba. Na yi shekaru ina sauraron yayana ba da son raina ba, wannan karon da na so, na ga ba hurumina ba ne.

Zan iya sauya lambar da ke layin nan, in sa tawa. Wayarki za ta nemi Clarrie, ta same shi a ɗakina, ba za ta san bambanci ba. Ke za ki sani. Ma'aunin da zan haɗa a bayan gidana yake, kuma a nan ruwa ba ya jin kunyar kowa. Zai yi miki albishir da ruwan da bai taɓa ƙasarku ba, ya jiƙa kabejin wani malalaci irina a tsibirin nan namu. Clarrie zai kira wannan maguɗi. Ya kira aurena ma haka, kuma ya yi gaskiya.

Ko kuwa in bar lambar rumfa, ranar da suka yanke wuta ya yi shiru tare da gonar. Ba zan zaɓa miki ba.

Naki,
Hedley

Broken Hill

Hedley,

Ina gaishe ka daga ɗakin jikoki. An rushe rumfar ranar Talata, sama fes ko gajimare babu. Da safe wayar ta yi ta juyi tana nema, har na kife ta.

Ka sa lambarka. Amma ban da buta, ban da tiyo. Ka jira na Allah, kuma kada ka gaya mini ranar.

Noelene

Broken Hill

Hedley,

Gaisuwa. Jiya an yi ruwa a wurinku. Ina shanya a tsakar gida, rana na dukana, na ji muryarsa a waya.

Bai yi tsawo ba. Ya yi tari a tsakiya, bai goge tarin ba. Abin da ya ce kuwa, ni ya gaya wa.

Yanzu ka goge layin.

Matar yayanka,
Noelene