Bedin da Ba Nawa Ba

Zuwa ga aminina, marigayi Buba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na rubuta ta a bainar jama'a ne, don a bainar jama'a aka dake ka saboda ni.

Makon jiya na je taron tsofaffin ɗalibai a sakandarenmu ta gwamnati a Illela. Ajujuwan nan huɗu da muka tarar sun zama sito, rijiyar ma an rufe ta. Za a gina babban ɗakin taro, kuma an kafa allo mai sunayen waɗanda makaranta ke alfahari da su: alƙalai, manyan kwastan, kwamishina guda, sai ni, likita. Na bi allon da yatsa har ƙasa, alhali na san ba ka ciki.

Ka tuna dokar shugaban makarantarmu na lokacin? Duk sabon ɗalibi a ba shi dashen bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ya rubuta sunansa a marfin gwangwani ya rataya. Wanda nasa ya mutu, bulala goma sha biyu a gaban asambuli.

Kai ɗan makiyaya ne daga wajen Kalmalo, ka san halin akuya. Ka kewaye naka da ƙaya, kana ba shi ruwa safe da yamma. Ni kuwa, sarkin son jiki, kara uku na kakkafa na ce ya isa. Akuyar masu gadi ba ta bar mini ko ganye ba.

Ranar da za a zagaya dubawa ka same ni ina kuka. Ka cire marfina ka rataya a naka, ka ɗauki naka ka ɗora kan kututturen nawa. Abin da ka ce kawai: "Mi kaka yi ma kuka? Ni na saba da sanda." Ina cikin layi aka yi maka sha biyun nan, ban buɗe baki ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Muna aji biyar mahaifinka ya rasu, ka bi shanu ka tsallaka iyaka, ba ka dawo jarrabawa ba. Labarin rasuwarka ma a bakin wani mai sayar da albasa na ji shi, bayan an yi arba'in.

Buba, duk bedin layinmu an sa musu jan fenti, za a sare saboda ginin. Guda ɗaya aka bari, wai don girmama ni, har da ɗan allo an rubuta "Bishiyar Dakta Sanusi". Ta yi girman da mutum biyu ba sa rungume ta. A ƙarƙashinta yara ke bitar karatu.

Da aka ba ni lasifika in yi godiya, sai na faɗi gaskiya, tun daga akuyar har bulalar. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na ce ko a sa sunanka, ko a cire nawa daga allunan biyu. Sakataren ƙungiya ya tambaye ni muƙamin da za a rubuta a ƙarƙashin sunanka, tunda kowa da nasa. Na ce a rubuta: "Shi ya shuka ta." Jiya aka sa sunanka a allunan biyu, na tsaya har mai fenti ya gama.

Na makara da shekara talatin da wani abu, ɗan'uwana. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya sha inuwar bedin nan, Allah Ya kai ladan gare ka, Ya sa ka a inuwarSa ranar da babu wata inuwa. Amin.

Naka, wanda akuya ta cinye wa dashe,
Sanusi