Tef Ɗin da Ya Fara Daga Goma

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya kumburin ƙafar, ya sauka? Ki gaishe min da Inna, ki ce mata surukinta yana godiya da ɗawainiyar da take yi da ke. Mu nan lafiya lau muke, sai gajiya, ita kuwa ba a kai ta wurin likita.

Na ba direban da ke bi ta wajenku wannan takarda ne saboda a waya ba na samun sakewa. Da na ɗaga, Gimbiya ta rataye min a wuya, Auta ya kama ƙafar wandona, ke kuma an ce kada a tayar miki da hankali har ki sauka. To ki gyara kwanciyarki kafin ki ci gaba da karantawa.

Na cire Gimbiya daga makaranta.

Ranar Talata na je ɗauko ta, malamarsu mai tabarau ta tsayar da ni a bakin ƙofa, iyaye suna wucewa suna ji. Wai 'yata ba ta zama wuri ɗaya, wai ƙirga bai zauna mata ba, gara ta maimaita ajin ƙanana kada a kai ta aji ɗaya bana. Kin san ni. Na ce mata, Malama, ni a aji uku na sakandare na tsaya, amma shekarata ashirin da biyu ina ci da lissafi. Ƙofar ajin nan da kike jingine da ita, kafinta irina ne ya auna ta. Idan ƙirga bai zauna wa yarinya 'yar shekara biyar ba, a duba mai koyarwa. Ta ce, to Baban Gimbiya, nan da mako shida za a yi gwajin shiga aji ɗaya, kowane yaro yana iya zama, ka kawo ta. Na ce zan kawo ta, kuma sai ta ba ki mamaki.

Na san kina son ta shiga bana tare da ƙawayenta, don kin ɗinka mata jaka tun kafin ki tafi. Za ta shiga. Na ɗauki alkawari, kuma ba ki taɓa ganin na yanka katako na bar shi rabi ba.

Yanzu da safe in na ba su shayi da burodi, sai mu fito shago gaba ɗaya. Na yi mata ɗan tebur da ragowar katakon kabad. Allo da alli ban ga amfaninsu ba, tef ɗin awo nake koya mata da shi, don a jikinsa ni ma na san lamba da gaske, ba a aji ba. Tsohon nawa dai, wanda ogana ya ba ni ranar da ya yaye ni. Na san za ki ce bakinsa ya gutsure. To ya gutsure, daga goma nake kamawa in cire goman a raina, kuma shekara tara ke nan ban taɓa kuskure ba. Sabon da kika saya min yana cikin kwalinsa a durowa. Ban raina ba, hannu ne ya saba.

Ita ke danne min bakin tef ɗin da ɗan yatsanta, ina ja, tana karanta lambobin da ƙarfi. Kwana huɗu kacal ta kai ashirin da biyar.

Ina kika ajiye ƙaramin matajin nan nata? Na birkita ɗakin ban gani ba.

Ki huta lafiya.
Naki,
Baban Gimbiya

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi, kuma kina shan maganin a kan lokaci ba sai Inna ta yi faɗa ba. Wasiƙarki ta iso, layi huɗu. Na ƙirga. Biyu a ciki faɗa ne, ɗaya inda mataji yake, ɗaya gaisuwar yara. Ni ban samu ko rabin layi ba, amma ba komai.

Kin ce girman kaina zai ja wa yarinya asarar shekara. Ban ji daɗi ba, ba kuma zan ɓoye miki ba. Amma ban da ƙarfin yin gardama. Wallahi ban san haka kike wuni ba. In na wanke kwanuka sai in tarar da wanki, in na shanya sai Auta ya zubar da ruwa a tsakar ɗaki ya zauna a ciki. Jiya na ɗora shinkafa na fita in buga ƙusa biyu kawai, ƙauri ne ya dawo da ni. Mun ci ta sama, ta ƙasan har yanzu tana jiƙe a tukunya. Auta kuma, tun da ya ji an ce mulkinsa ya kusa ƙarewa, ba ya yarda in sauke shi. Da shi a kafaɗa nake goge katako. Shekaranjiya na tarar ya tsoma takalminsa a gwangwanin gam.

Kitson Gimbiya kuwa, na gwada da hannuna, ta duba madubi ta fashe da kuka. Matar tela maƙwabcinmu ce ta ji tausayinmu ta kama mata. Shi telan yana leƙowa kullum yana cewa, shugaban makaranta, yau ƙarfe nawa ake tashi? Na ce masa ranar da ɗansa ya iya ƙirga har sittin ya zo mu yi magana.

Don ta kai sittin, Maman Gimbiya. Ba tuntuɓe, ba waiwaye. Ina zarto tana karantawa a bayana, ko juyowa ba na yi, kunnena kawai nake ba ta. Yaran mai tabarau, in ji matar tela, har yanzu a kan ashirin suke jan ƙafa.

Ga wani abin dariya. Na ce ta ƙirga min kofunan da ke kan tire, namu mu uku, ta ce sha uku ne. Na ce to Gimbiya, ina sauran baƙin? Ta yi dariya, ni ma na yi. Barkwanci ta ɗauko naki.

Aiki ya taru min. Mai kantin magani ya zo sau biyu a kan kantarsa, na ba shi haƙuri. Bayana yana ciwo, kuma sau biyu ina gyangyaɗi a zaune bayan azahar da fensir a kunne. Saura kwana tara gwajin. In ya wuce zan yi barci irin na wanda ba shi da kowa.

Ɗakin ya yi girma da ba kya nan. Wannan kada ki karanta wa Inna.

Naki,
Baban Gimbiya

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na san tun jiya kike jiran waya, na ga kiranki har sau biyar. Ban ɗauka ba ne don ban san da wace murya zan yi magana ba.

Ba ta ci ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don in wani ya riga ni zai ƙara gishiri. Na yi mata wanka, na sa mata rigar nan mai ruwan ganye, na goya Auta muka tafi. Aka bar iyaye a baranda, amma taga a buɗe take, ina ganin komai. Mai tabarau ce a kan tebur. Ta zuba marafan kwalba huɗu ta ce, Gimbiya, ƙirga min. Yarinyar nan ta gyara tsayuwa kamar yadda nake yi, ta ɗora yatsa a kan tebur inda babu komai, ta ce goma. Sannan ta bi marafan, sha ɗaya, sha biyu, sha uku, sha huɗu. Ta ɗaga kai tana murmushi ta ce sha huɗu ne. Aka ƙara mata biyu, ta ce sha shida. Aka ce ta nuna yatsun hannunta ɗaya, ta ce sha biyar. Yaran da ke layi suka kwashe da dariya. Malama ta tambaye ta a hankali, me ya sa kike farawa daga goma? Ta ce, ai daga nan lamba take farawa, haka yake a tef ɗin Babana, kuma Babana ba ya kuskure.

A baranda nake, amma ji na yi kamar an kwara min ruwan sanyi. Mako shida tana danne goma da yatsanta tana kallona. Cire goman da nake yi, a cikin kaina nake yi, ban taɓa furtawa ba, don ni kaina na daina jin ina yi. Ta ina za ta sani? Ga shi ta faɗa min ranar kofuna, na mai da shi wasa saboda na gaji, kuma saboda na fi son jin sittin.

A hanya ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni, Baba, dariyar me suke yi, ba daidai na faɗa ba? Na ce daidai kika faɗi abin da aka koya miki. Da muka iso ta cire jakar da kika ɗinka ta tura ƙarƙashin gado. Yau ko shago ta ƙi fitowa.

Tela bai tsokane ni ba. Da ya yi ma da ya fi min sauƙi.

Kin faɗa, ban ji ba. Ban saba rubuta irin wannan ba, shi ya sa kika ga layin ya karkace. Gobe da safe zan koma makarantar. Ban san me zan ce ba tukuna.

Naki,
Baban Gimbiya

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Direba ya ce ya gan ki a ƙofar gida kina ɗan takawa, na ji daɗi ƙwarai. Na gode da wasiƙarki. Wannan karon na samu layi biyu, ko da yake ɗaya cewa kika yi in daina ƙona tukunyarki.

Na je. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofar makarantar ina wucewa kamar mai neman wani gida. A na uku mai gadi ya ce, maigida, ko dai ka shigo ko ka bar wahalar da takalminka. Na sami Malama tana share allo. Na ciro tef ɗin na ajiye mata a tebur na ce, Malama, ga wanda ya faɗi gwaji, ba yarinyar ba. Na ce abin da na faɗa miki a gaban mutane ban kyauta ba, ki yi haƙuri. Ta ja tef ɗin, ta ga inda ya gutsure, ta cire tabarau ta yi dariya har tana share ido. Na tsaya na shanye, don ni na jawo.

Sai ta ce wani abu da ban zata ba. Wai yarinyar da ba ta tsallake ko marfi ɗaya ba, aka ƙara mata biyu ta ƙara daidai, ta iya ƙirga, mafarin ne kawai aka sace mata. Wai da can ko minti biyu ba ta zama, ranar gwaji kuwa ta tsaya cak. Ta ce akwai yara uku da zazzaɓi ya hana zuwa, za a yi musu nasu bayan kwana goma, in kawo ta. Amma ta kafa min sharaɗi, kullum bayan an tashi in zo da Gimbiya na rabin sa'a, ni ma in zauna in ga yadda ake yi. Maman Gimbiya, mijinki da gemunsa ya yi kwana takwas a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa, Auta a cinya, yana ƙirga marafan kwalba daga ɗaya. Benci biyu suna rawa, na gyara mata su, don ba zan iya zama a kan aikin banza in yi shiru ba.

Jiya aka yi gwajin. Da aka zuba mata marafan na ga yatsanta ya nufi inda babu komai. Sai ta janye shi ta ɗora a kan na farko ta ce ɗaya. An ɗauke ta. Ranar Litinin za ta fara, kuma ta fito da jakar da kanta ta kakkaɓe.

Saura labari ɗaya, gara ki ji daga bakina. Na buɗe kwalin sabon tef ɗinki, na rataye tsohon a ƙusa. Yau da safe na zo yanka katakon kantar mai magani, Gimbiya ta danne min baki kamar kullum. Na auna, na ja layi, na yanka. Na kai wurinsa na ga ya gaza, santimita goma cif. Na cire goman da babu shi. Katako mai kyau, Maman Gimbiya, irin wanda ba a samu kullum. Ina tsaye ina kallonsa, 'yarki ta riƙe ƙugu irin yadda kike yi ta ce, Baba, daga ɗaya ake farawa, ko in kai ka wurin Malama?

Mai magani zai ƙara jiran kwana biyu. Guntun katakon ban yar ba, na auna shi da kyau, sau biyu, da ita a tsaye a kaina. Zai yi gefen gadon jariri.

Ki sauka lafiya ki dawo mana. Na gaji ƙwarai.

Naki har kullum,
Baban Gimbiya