Ranar Da Kika Tuƙa Ni a Isna

Zuwa ga Zinariyata, dabinon ajwar gidana, inuwar da nake fakewa idan ranar Madina ta take tsaka, sanyin randa ga mai ƙishi, uwar 'ya'yana, abokiyar tsufana! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya iske ki har bakin kogin Yawuri inda kike zaune yanzu, inda ni ban taɓa sa ƙafata ba.

Na san sai kin yi dariya idan Malam Isah, maƙwabcin yayanki da ya zo umara, ya miƙa miki wannan takarda. Sabiru da wasiƙa, ga waya a aljihunsa? To, wayar ce ta gaza mini. Ina buɗe baki Larabci ke rigan Hausa fitowa, in tambayi lafiyarki, ki ce lafiya lau, in ce yara na gaishe ki, mu yi maganar zafi, shi ke nan a kashe. Kuma ke kika taɓa ce mini “habibti” da Larabawa ke kiran masoyiya da ita kalmar kasuwa ce, har mai tumatir yana raba ta ga duk wanda ya tsaya a gabansa. Shi ya sa na zauna na tattaro Hausar kakana, in ta yi ɗingishi a wani wuri ki yi haƙuri da ita.

Kin tafi ganin gida na wata guda dabino yana ɗanye a kan uwarsa. Ya nuna, mun sare, mun shanya, mun ɗure a kwali, sanyi ya shigo unguwarmu Awali, ba ki dawo ba. In na tambaya ki ce sai ruwa ya janye. Ruwa ya janye, kika ce sai an gama bikin 'yar ɗan'uwanki Zakiru. Ba ƙarya kike yi mini ba, hasken idona, rabin gaskiya kike ba ni don tausayi. Sauran rabin na riga na gan shi da idona a Isna, can bakin kogin Nilu.

Kin tuna yadda aka yi fama da ni kafin tafiyar nan? 'Yarmu Sundus ta shirya mana hutu a jirgin ruwa a kan kogin Nilu, ni kuwa na kafe. Kin san gidan da na fito. Kakana ya baro Yawuri da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya ƙetare teku, ba don komai ba sai don ya zauna a maƙwabtakar Manzon Allah, a binne shi a Baƙi'a. Mahaifina bai taɓa kwana wajen Madina ba sai a aikin Hajji, kuma abin da ya bar mana ke nan: “Kada mutuwa ta zo gida nemanka ta tarar ka fita yawo.” Da kuka fi ƙarfina na yarda, amma na sa likkafanina da aka wanke da zamzam a ƙasan akwati. Sundus ta gani ta riƙe baki, ta ce, “Ya Baba, rihla ce fa, yawon hutu, ba jana'iza ba!” Ke kuwa kika ninke rigunana a kansa.

Sai ga ranar Isna. Jirgi ya tsaya da hantsi a wannan ɗan garin na bakin ruwa, aka ce kowa ya dawo kafin la'asar. Turawa suka yi layi da hulunansu a bayan mai musu jagora, za su ga wani tsohon gini na mutanen Fir'auna. Ga masu keken doki suna kira, ga masu zannuwa suna shimfiɗa mana kaya a kafaɗa ba mu tambaya ba. Ni har na bi layi kamar ɗan makaranta, sai na ji kin ja hannun rigata. Kika ce, “Abu Ubaid, ina jin ƙarnin kifi ta can.” Kika juya, hancinki ya yi mana jagora, muka gangara bayan matsayar jirage zuwa inda masuntan garin ke sauke kamunsu.

Wayyo Zinariya! Me na gani ran nan? Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai ta gyara mayafi sau uku, ita ce ta tuɓe takalmi, ta ɗage bakin abaya, ta shiga ruwa har ƙwauri. Kika kamfata da hannu biyu kika wanke fuska, kika tsaya a cikin ruwan har na fara waige-waige ko wani na kallo. Daga nan kika nufi kwandunan kifi kina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ga karfasa, ga tarwaɗa, ga ƙurungu, lale da giwan ruwa, tamkar wadda ta shiga gidan suna ta tarar da danginta. Wata mata mai kifi ta miƙo miki wuƙa don wasa, kafin ta rufe baki kin fere uku kin wanke. Ni kuwa ina tsaye riƙe da takalmanki, ni da na shekara ashirin da ɗoriya ina kawo miki kifin teku daga Yanbu cikin ƙanƙara, ina jiran a yaba mini.

Ba ki tsaya nan ba. Kika roƙi wani tsohon masunci aron kwale-kwalensa. Nasu irin mai filafili biyu ne, wanda ake ja ana ba wa hanya baya. Kika ce wane irin tuƙi ne mutum bai ga inda za shi ba? Kika zare ɗaya, katako mai nauyi, kika koma can ƙarshe kika zauna irin zaman mutanenku. Kika ce, “Shiga, Abu Ubaid.” Na shiga, don kunyar tsohon ta fi tsoron ruwan. Na zauna a tsakiya, na damƙe gefe da gefe, na runtse ido, na karanta duk addu'ar da na sani, tun daga ta hawan abin hawa har ta shiga kasuwa. Ina nan ina jiran kifewa sai na ji kwale-kwalen ya miƙe sumul, na ji kina rera wata waƙa ƙasa-ƙasa wadda ban taɓa ji a kicin ɗinmu ba. Na buɗe ido ɗaya na waiga. Wallahi wata yarinya na gani a bayana, fuska jiƙe, haƙora a waje, kafaɗa na aiki, yarinyar da aka ɗaura mini aure da ita amma ba a taɓa kawo mini ita ba. A ina kika ɓoye ta duk shekarun nan, farin cikin raina? A wane lungu na gidanmu take kwana ban taɓa cin karo da ita ba?

Da jirgi ya busa ƙahon kira, ba ki juya nan take ba. Kin ƙara tsoma filafilin gaba, kin sake ƙarawa, sannan kika karkata. Kin zaci idona a rufe yake. A saman jirgi kika zauna da soyayyen kifin da matar nan ta ƙunsa miki a takarda, kina ci kina kallon garin har dabinai suka rufe shi. Abin da kika ce kawai, “Ba namu ba ne, amma warinsu ɗaya.” Tun daga ranar na san zan kai ki filin jirgin sama, kuma na san wata guda ba zai ishe ki ba.

Ni manomin dabino ne, na san ana raba 'yar dabino da uwarta a dasa ta a wata gona, ta kama, ta yi tsawo, ta ba da 'ya'ya masu zaƙi, kowa ya ce ta ji daɗin ƙasa. Haka na ɗauke ki. Kin zauna a birnin da duniya ke kukan zuwa, ba ki taɓa ƙorafi ba, kin yi sallolinki a Harami kina godiya, kuma na san godiyar ta gaskiya ce. Sai dai ruwa a wurinmu daga famfo yake fitowa, ko daga bututun rijiya, ko ya zo ambaliya a kwari ya wuce kafin yara su gama murna. Ni da aka haifa a haka, ina zan san akwai ƙishin da ba na maƙogwaro ba?

Gidan nan in babu ke ba gida ba ne, masauki ne. Shayin da nake dafawa da kaina ko baƙo ba ya ƙarawa. Hausar Sundus ta fara bushewa, don ba mai yi mata faɗa da ita. Maƙwabta kullum sai sun tare ni, “Ummu Ubaid fa, yaushe?” in ce in sha Allahu, in sauya magana. Ina kewarki, Zinariya! Ina kewar takunki a tsakar gida, da tsakin da kike yi in na shigo da taɓon gona, da yadda kike kiran ɗanki na fari “wancan yaron” har ya yi gemu. Ina kewarki kamar gonar da injin ban-ruwanta ya tsaya a tsakiyar bazara.

Amma ban rubuto don in ce ki dawo ba. Na san in na ce, za ki ɗaure kaya gobe, ki sake ninke yarinyar nan ki sa a ƙasan akwati, ni kuwa na riga na gan ta, ba zan iya zama da rabinki ba. Ga abin da na yanke. Lokacin talƙihi ya ƙarato, lokacin da ake hawa a sa wa matan dabino furen namiji, aikin da ban taɓa bar wa kowa ba. Bana na bar wa ɗanmu Ubaidullah. Jiya bayan la'asar na shiga Baƙi'a, na tsaya daidai inda nake kyautata zaton mahaifina yake, na yi masa addu'a, na ce ya yafe mini, zan fita yawo. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Shekaru sun ja, ciwon sukari bai bar ni ba, kuma tun ina yaro nake kallon ƙasar nan ina cewa nan za a sa ni. Amma wanda ya rubuta ranar shi ya rubuta wurin, gadin da nake yi ba zai ƙara ko rage komai ba.

Har na fara shiri. Kowace safiya ina zama a bakin birka, tafkin simintin da muke tara ruwan gona, ina tuƙa iska da reshen dabino. Abdou, mutumin Nijar ɗin nan da muke aiki tare, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce da irin tuƙin nan sai dai mu yi ta zagaya wuri ɗaya har Magariba.

In kogin ya sake ki, mu dawo tare, hannuna cikin naki. In ya riƙe ki, ya riƙe mu biyu. Likkafanin yana nan a ƙasan akwati, wannan karon ma da shi zan taho. Idan Allah ya ƙaddara a can za a warware shi, kada ki yi kukan kin raba ni da Baƙi'a. Kakana ya bar gurbin mutum ɗaya a ƙasar Yawuri, ki sa ni a ciki, a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, kusa da inda za ki riƙa wucewa.

Ki ce wa yayanki ya toshe duk wata kafa a kwale-kwalensa, ki bar mini wurina a tsakiya. Na yi miki alkawari ba zan runtse ido ba.

Naki a tudu, naki a ruwa, naki har ranar da za a ninke ni,

Sabiru
Awali, Madina